Yadda ake gane furen okid a dazuzzukan kan duwatsu

Okid dangi ne na tsirrai masu fure da ya ƙunshi kimanin nau'i 28,000, kuma akasarinsu na rayuwa ne a kan bishiyoyin ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. A Najeriya ana samun su a dazuzzukan tsaunuka na jihar Taraba, kamar dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila da gandun Gashaka-Gumti, haka kuma a Obudu ta jihar Kuros Riba. Hazo da raɓa ba sa yankewa a waɗannan wurare, rassa kuma sun lulluɓe da gansakuka, inda okid ke samun wurin zama.

Wanda ya hango shi maƙale a reshe zai iya ɗauka kauci ne. Sai dai kauci yana huda bishiya ya sha ruwan jikinta, okid kuwa aron wurin zama kawai yake yi. Saiwoyinsa masu kauri suna kwance a kan ɓawo ko suna reto a iska, farare ko ruwan toka, da zarar sun jiƙe sai su koma kore. Da yawa daga cikinsu suna da kumburi kamar ƙaramar albasa a gindin ganye, wanda ke ajiye ruwa domin rani.

Fure ne babbar shaida, domin ganye kaɗai yakan yaudari ko da masani. Furen yana da kunnuwa shida, uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga na cikin ya bambanta da sauran a siffa, sau da yawa har da launi, shi ake kira leɓe, kuma a kansa ƙwari ke sauka. A tsakiya, sashen namiji da na mace sun haɗe sun zama turke guda, garin furen kuma a dunƙule yake, yana mannewa a jikin ƙwaro. A yawancin nau'o'i leɓen yana ƙasa, saboda furen yakan juya kafin ya buɗe.

Wannan juyi na taimakawa wajen rarrabe gidajen okid na Afirka. A gidan Polystachya furen ba ya juyawa, don haka leɓen yana sama. Bulbophyllum na da kumburi jere a kan kara mai rarrafe, kowanne da ganye ɗaya ko biyu. Furanninsa ƙanana ne, leɓensu na motsi, wasu kuma na wari domin jawo ƙudaje. Angraecum da Aerangis ba su da kumburin nan. Furanninsu galibi farare ne kamar tauraro, da dogon bututu mai ruwan zaƙi a baya, suna ƙamshi da dare domin malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki.

Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da abinci a cikinsa, kuma a daji ba ya tsira sai da taimakon wata fumfuna. Shi ya sa dajin da aka sare ko aka ƙone ba ya saurin dawo da shi, wanda aka tumɓuke aka kai birni mai zafi kuma ba kasafai yake daɗewa ba. Masu nazari kan wadatu da hoton fure ta gaba da ta gefe, da na saiwa da ganye, tare da rubuta wuri da wata. Ga 'yan kasuwa kuwa, dukkan dangin okid na cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke cikinta, saboda haka fitar da na daji zuwa ƙetare ba tare da takardar izini ba laifi ne.