Wata Biyu Babu Waya a Jimeta



Kakana fataucin atamfa ne ya kawo shi daga Kano, kuma kamar yawancin Hausawan da suka zo ƙasar nan, bai sauka cikin Yola ba, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Jimeta ya zauna, domin nan ne bakin Binuwai inda jiragen ruwan Turawan kamfani suke hawowa da damina, nan kuma ciniki yake. To shi baƙo, ko ya yi gida ya yi jikoki, kunnensa yana can garinsu.

Baba yakan ce a zamaninsu direban Kano shi ne gidan waya. A tasha ake ba shi wasiƙa, ta ajami ko ta boko, a haɗa masa da kuɗin kaya, ba rasit ba shaida. Matan da ba su iya rubutu ba kuwa kaset suke cikawa da magana. Ranar da kaset ya iso, sai a taru a tsakar gida a kunna rikoda, a ji wa ya haihu, wa ya yi yaji, a sake juyawa har zaren ya tsinke. Mai son burga kuma ya aika kati Rediyon Kaduna a gaishe masa da dangi a zaɓi sonka. Saboda haka tasha ta zama majalisar Hausawan Jimeta, ko ba ka da saƙo za ka je ka ji na wasu.

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, minti ɗaya naira 50, sai masu lema suka cika bakin titi ana biya a buga. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin ya fara sauƙi. Sannu a hankali Baba ya rage zuwa Kantin Kwari, daga shago yake ciniki, direba ya koma ɗan dako kawai. Majalisar tasha ta watse ba wanda ya lura.

Sai watan Mayu na 2013, da Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa saboda Boko Haram, aka yanke layukan waya gaba ɗaya. Lokacin ina ƙaramar sakandare. Jama'a, waya ta koma tocila da agogo! Baba idan zai kira Kano sai ya hau mota ya wuce Numan, ya shiga ƙasar Gombe tukuna. Mutane suka koma tasha suna cigiyar tsofaffin direbobi, wasu ma ba su san yadda ake ba da saƙo ba.

A cikin kwanakin nan ne mahaifiyar Umma ta rasu a Kano. Direba ne ya kawo takardar, ranar sadakar uku. Shi ya sallama da kansa, ya zauna da Baba a zaure, ya yi masa ta'aziyya, kana Baba ya shiga ya faɗa mata. Ta yi kukan rashin ganin gawa, amma har yau tana cewa gara da ba a waya ta ji ba. A watan Yuli aka maido mana da layi.

Ba wai ina kushe waya ba ne. Daren 17 ga Nuwamba 2015, da bom ya tashi a Jimeta ya kashe mutum fiye da 30, Facebook ya buɗe wurin da mutum zai nuna yana lafiya, karo na farko a Nijeriya. Ɗan kawuna a Fagge ya san ina raye tun kafin in ƙarasa gida Umma ta gan ni.

Yanzu dangi duk suna cikin zauren WhatsApp, saƙon murya ya zama kaset ɗin da. A nan ne 'yan Kano suke min dariya wai Hausata ta Adamawa ce, na ce "Umma ya gaishe ku". Amma rasuwa ma a nan ake sanarwa, tsakanin hoton biki da tallan turare, kowa ya liƙa sitikar addu'a ya wuce. Umma ba ta yarda da wannan ba. Bara da ƙanwar Baba ta rasu, da asuba ta sa na kai ta tashar Jambutu ta hau motar Kano.