Yadda Furosesa Ta Koyi Zama da Zafi

A watan Afrilun da ya wuce ɗan ƙanwata ya shigo shagona rungume da kwamfutar wasan da ya haɗa da hannunsa. Ya dire ta a kan tebur ya ce, "Kawu, ƙonewa za ta yi. Da na fara wasa sai zafinta ya haura digiri 95." Shekara guda ya yi yana tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa muryarsa take rawa. Kafin in taɓa sukudireba na tambaye shi wace furosesa ce a ciki. Da wannan tambayar nake farawa kullum, domin digiri 95 a furosesar shekarar 2000 ajali ne, a wasu na yanzu kuwa haka masu ƙera su suka tsara.

Kwamfutar da IBM ya fitar a 1981 tana ɗauke da Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77, kuma tsirara take zaune a kan allo, ba ƙarfe ba fanka. Fanka ɗaya ce a duk akwatin, ita ma ta sashen wuta ce. Sai a zamanin 486, musamman mai gudun 66 ta shekarar 1992, aka fara ɗora wa furosesa ɗan alminiyam mai haƙora kamar mataji don ya sha zafin ya miƙa wa iska. Da Pentium ta zo a 1993 tana cin wuta wajen wat 15, ƙarfen shi kaɗai ya gaza, aka kafa masa 'yar fanka a ka. Kukan da muka saba ji daga akwatin kwamfuta daga nan ya ƙaru.

Masu haɗa kwamfutar wasa a gida, a Amurka da Turai da Taiwan, su suka mayar da sanyaya furosesa sana'a mai zaman kanta. A 1998 suka gano cewa Celeron 300A mai araha tana iya gudun 450 in aka ɗaga gudun allo daga 66 zuwa 100, muddin ba a bar ta ta yi zafi ba. Nan take kasuwar manyan ƙarafa da fankoki ta buɗe.

Ni a zamanin furosesar Athlon na koyi aikin, kuma har yau ina tuna yadda hannu yake ɓari wurin ɗaura mata ƙarfe. Ainihin dutsen furosesar, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, a fili yake ba murfi. Maƙalin kuma da bakin sukudireba ake danna shi da ƙarfi. Ya ɗan karkace, gefen dutsen ya ɓalle, kuɗi sun tafi. A 2001 masu gwaji na Tom's Hardware suka nuna wa duniya wani abu a bidiyo: ana cikin wasan Quake III suka cire ƙarfen sanyaya daga kan furosesoshi. Athlon ta yi hayaƙi cikin daƙiƙoƙi. Pentium 4 kuwa sai ta rage gudu, wasan ya yi ta jan ƙafa, da aka mayar da ƙarfen ta ci gaba da aikinta. A ganina babu sauyin da ya kai wannan a duk tarihin nan. Furosesa ta samu hankalin kare kanta, kuma alamar cuta ta canza. A da in zafi ya yi yawa allo ne zai mutu ɗif. Yanzu wasa zai fara lafiya lau, bayan minti goma ya soma sarƙewa, fanka tana ihu. Mai gyaran da ya san wannan ba zai tsaya kan lambar zafi kaɗai ba, zai duba ko gudun yana faɗuwa a daidai lokacin da zafin ya kai ƙarshe.

Sai Intel ya ci karo da bango. Tun 1974 Robert Dennard na IBM ya bayyana cewa in aka ƙanƙance transista, wutar da take ci ma tana raguwa, don haka ana iya ƙara gudu zafi bai ƙaru ba. Kusan shekara talatin wannan ƙa'ida tana aiki. Da transista ta ƙanƙance ƙwarai sai wuta ta fara yoyo ko ba ta aiki. Pentium 4 samfurin Prescott ta 2004 ta kai wat 115, kuma a cikin shekarar Intel ya fasa fitar da mai gudun gigahaz 4. Mafitar da aka samu ita ce raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa biyu a dutse ɗaya, kamar Core 2 Duo ta 2006 mai wat 65.

Abin da na fi so a cikin kayan nan shi ne bututun jan ƙarfen da ke lanƙwashe a jikin yawancin manyan ƙarafan sanyaya na yau. Yara da yawa suna zaton sanda ce kawai. A rufe yake ruf, an zuƙe iskar cikinsa, an bar ɗan ruwa kaɗan. Da yake ba iska, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya ruga can sama inda fanka ke busa faifayen alminiyam, ya huce ya koma ruwa, sannan ya biyo garin jan ƙarfen da aka manne a bangon bututun, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya dawo kan furosesa. George Grover ne ya ƙera irinsa a Los Alamos a 1963, da tunanin na'urorin sararin samaniya. Duk wanda ya sha ruwan randa a bazara ya san asalin hikimar: ruwan da ya zama tururi da zafi yake tafiya.

Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe shi ma yana da labarinsa. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, don iskar da ta maƙale a ciki ba ta wuce da zafi. A 2012 Intel ya sa irin wannan man a ƙarƙashin murfin furosesoshinsa na Ivy Bridge maimakon dalma, masu wasa suka riƙa ɓamɓare murfin da reza suna canza shi, har kamfanin ya koma dalma a manyan furosesoshinsa a 2018. Na'urar sanyayawa ta ruwa rufaffiya kuwa, irin Corsair H50 ta 2009, ta sauƙaƙa abin da a da sai mai ƙarfin hali, sai dai famfonta in ya mutu shiru yake mutuwa.

Furosesar ɗan ƙanwar tawa kuwa Ryzen ce ta jerin 7000 da AMD ya fitar a 2022, waɗanda aka tsara su yi ta ƙara gudu har sai sun taɓa 95. Na faɗa masa haka, ya sauke ajiyar zuciya. Amma da muka kunna manhajar HWiNFO mai nuna zafi da gudu muka sa wasan, gudun yana faɗuwa, kuma wasa kaɗai bai kamata ya kai ta can ba. Na buɗe akwatin. Ƙurar hunturu ta yi kirtani a ragar gaba har ta zama kamar bargo. Da na ɗaga ƙarfen, man ya taru a gefe guda, alamar ya ɗaure kusoshi biyu na ɓangare ɗaya tamau kafin ya taɓa sauran. Muka busa ƙurar muna riƙe da fankokin kada su juya, muka goge tsohon man da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, na nuna masa yadda ake ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Saura abin da ba a gyara shi da sukudireba. Masu gwajin da yake kallo suna auna kayansu a ɗaki mai digiri 21 ko 22. Ɗakinsa a Kano cikin Afrilu yana kusantar 40, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa take ƙarawa, domin ƙarfe da fanka da ruwa duk iskar ɗakin suke miƙa wa zafin. Don haka muka shiga BIOS muka rage iyakar wutar da take ja. Zafin ya sauka sosai, a wasan kuma bai ga bambanci ba.

Yana naɗe waya ya ce, "Kawu, in sayi ta ruwa?" Na ce ya fara janye akwatin daga jikin bango, ya ɗaga shi daga kan kafet, ya dawo da shi mu sake busawa in hunturu ya wuce.