Farin 1973 da Taimakon Ƙasashen Waje

Daga 1972 zuwa 1974 aka yi wani matsanancin fari a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen bakin Hamada. Gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta mutuwa, Buzaye suka kwararo Kano neman abinci. Da labari ya kai Turai da Amurka, sai aka shiga aiko da hatsi da madarar gari. Ƙasashe shida, har da Nijar, suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu cikin 1973 don su nemi agaji da murya ɗaya.

Amma fa ba duk abin da aka aiko ne ya kai bakin mai yunwa ba. A Nijar an zargi manyan gwamnati da karkatar da hatsin agaji, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa Seyni Kunce ya hamɓare Diori Hamani a watan Afrilun 1974.

A Kano kuwa, Gwamna Audu Bako ruwa ya sa a gaba. A shekarar nan ta 1974 aka kammala madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da rani. Daga baya Bankin Duniya ya tallafa wa hukumar noma ta KNARDA, sai dai rance ne, watau bashi a wuyan talaka.

To, hatsin agaji dai an cinye shi tun tuni. Tiga kuwa har yau ana noman rani da ruwanta, ko da yake manoma da masunta na fadamun Haɗeja sun ji jiki, domin ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu.