Daraktan neman kuɗi a ƙungiyoyin agaji: yadda aikin yake a Malanville

Daraktan neman kuɗi shi ne ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin samo wa ƙungiya mai zaman kanta kuɗin da za ta gudanar da ayyukanta, da kuma riƙe hulɗa da waɗanda suka bayar har su gamsu su sake bayarwa. A sanarwar ɗaukar ma'aikata da ake fitarwa da Faransanci a Benin da Nijar, ana kiran sa responsable de la mobilisation des ressources, wani lokaci kuma chargé des partenariats. Manyan ƙungiyoyi na Kwatano da Yamai kan ware masa ofis da albashi. A Malanville kuwa da wuya ka ga an rubuta wannan muƙami a jikin ƙofa. Galibi shugaban ƙungiyar ne ko sakatarensa ke yin aikin da daddare, bayan ya dawo daga nasa neman abincin. Da muƙami ko babu, abin da ake nema daga gare shi ɗaya ne.

Garin da abin da ake nemar wa kuɗi

Malanville na cikin jihar Alibori a arewacin Benin, a bakin kogin Neja, wanda muka fi sani da kogin Isa, tana fuskantar Gaya ta Nijar. Ƙidayar 2013 ta ba gundumar mutum 168,641, a yankuna biyar: Malanville, Garou, Guéné, Madécali da Toumboutou. Dendawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa ne ke zaune tare, kuma kasuwar garin na cikin mafi girma a ƙasar.

Kogin da ke shayar da shinkafa da albasa shi ne kuma ke cinye gonaki da gidaje idan ya cika. A ambaliyar 2010, wadda ta shafi gundumomi 55 daga cikin 77 na Benin da mutum kusan 680,000, Malanville da Karimama na cikin waɗanda suka sha wuya. Shi ya sa yawancin takardun neman tallafi da ke fita daga yankin ba sa wuce ambaliya, ruwan sha, zazzaɓin cizon sauro, karatun 'ya'ya mata, sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da sana'ar matasa.

Inda kuɗin ke fitowa

Hanya ta farko, wadda kowa ke hanƙoron samu, ita ce ta masu ba da tallafi na waje: Tarayyar Turai, hukumar AFD ta Faransa, Enabel ta Beljiyam, GIZ ta Jamus, ofishin haɗin gwiwar Suwizalan wanda ya daɗe yana aiki a Borgou da Alibori, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai kuma ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa, kamar Direct Aid ta Kuwait, wadda tsofaffi suka sani da sunan Agence des Musulmans d'Afrique. Waɗannan ba a zuwa musu da roƙon baki. Suna fitar da sanarwa, appel à projets, su faɗi fannin da za su tallafa wa da ranar rufewa. Darakta zai fara tura taƙaitaccen bayani na shafuka kaɗan. Idan ya tsallake, sai a nemi cikakkiyar takarda, da jadawalin nan da ake kira cadre logique, wanda ke nuna manufa, abin da za a yi, da ma'aunin da za a gane an yi, sannan kasafi dalla-dalla, har kuɗin man babur.

Kasafin nan shi ne inda ake gane gwani. Tarayyar Turai, alal misali, ba ta yarda kuɗin tafiyar da ofis ya wuce kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin kansa ba. Mu ɗauka an ba ƙungiya aikin sefa miliyan 30 na shekara biyu. Kashi 7 ɗin ya kama miliyan 2 da jika 100, wato jika 87 da rabi a wata. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun watan Janairun 2023 jika 52 ne, don haka kuɗin bai kai albashin mutum biyu ba, ga hayar ofis, ga wuta, ga intanet. Ban da haka, sau da yawa mai bayarwa kan ce ƙungiya ta kawo wani kaso daga aljihunta. Daraktan da bai san inda zai samo wannan kaso ba tun kafin ya sa hannu, ya ɗauro wa ƙungiyarsa bashi ne.

Wani sauƙi da ƙungiyoyin Benin da Nijar ke da shi a kan takwarorinsu na Kamba ko Birnin Kebbi shi ne tsayuwar kuɗi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, yau da gobe. Wanda ya yi kasafi da naira kafin a sake ta ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023 ya san bambancin.

Hanya ta biyu ita ce gwamnati da ma'aikatar magajin gari. Kowace gunduma na da tsarinta na raya ƙasa na shekara biyar, kuma masu ba da tallafi kan duba ko aikin da aka kawo musu ya dace da shi. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin Benin ta faɗaɗa daga 2017 tare da Hukumar Abinci ta Duniya ya yi amfani da ƙungiyoyin cikin gida wajen sa ido a makarantu. Irin wannan kwangila ba ta sa ƙungiya ta yi arziki, amma tana ba ta tarihin aiki da za ta nuna wa wani gobe.

Hanya ta uku ita ce kuɗin gida, kuma a ganina ita aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Mutanen yankin nan ba baƙi ba ne ga bayarwa. Akwai adashi, akwai gudummawar biki da ta rasuwa, akwai faifan da ake zagayawa da shi a masallaci, akwai 'yan gari mazauna Kwatano, Parakou, Legas da Akara da ke turo kuɗi ta MTN MoMo ko Moov Money idan aka ce ruwa ya ci unguwarsu. Akwai kuma zakka: kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ɗaya bisa goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin na wadda aka yi wa ban-ruwa da wahala. A Sakkwato da Zamfara da Kano gwamnati ta kafa hukumomin da ke tattara ta. A Benin babu irin wannan tsari na gwamnati, don haka alhaji ya fi son ya miƙa wa mabukaci hannu da hannu, ko ya ba limamin da ya yarda da shi.

A nan sai darakta ya yi taka-tsantsan. Mafi yawan malamai na ganin zakka haƙƙin waɗanda aka ambata ne a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba a gina ofis da ita, ba a sayi kwamfuta. Ƙungiyar da za ta karɓi zakka sai ta ware mata asusu da littafi na daban, ta kuma samu malamin da jama'a suka amince da shi ya riƙa dubawa. Sadaka da waƙafi sun fi faɗi, ana iya gina rijiya ko aji da su.

Bambancin kuɗin waje da na gida ba a yawa kaɗai yake ba. Na waje yana zuwa a ɗaure: wanda aka bayar don gidan sauro ba ya komawa gyaran kwalekwale, ko da kwalekwalen ne bukatar ranar. Na gida kaɗan ne, amma ana iya juya shi inda ake so, kuma shi ke riƙe ƙungiya a watannin da ke tsakanin ƙarewar wani aiki da farawar wani.

Doka da takardu

Shekaru da dama dokar Faransa ta 1 ga Yulin 1901 ce ke tafiyar da ƙungiyoyi a Benin, har zuwa 2025 da aka yi sabuwar doka kan ƙungiyoyi da gidauniyoyi, wadda ta nemi waɗanda ke akwai su daidaita takardunsu da ita. A Nijar tushen shi ne dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Tun daga 1 ga Janairun 2024 kuma, ƙasashen OHADA, har da Benin da Nijar, sun fara aiki da tsarin lissafi na musamman ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a watan Disamban 2022. Najeriya ba ta cikin wannan tsari.

Kafin darakta ya tunkari kowa, ya kamata a ce yana da takardar rajista, lambar haraji ta IFU, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, rahoton taron shekara, da lissafin shekarun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan ruwa ya shigo gari a watan Satumba, kuɗin gaggawa na zuwa ne ga wanda takardunsa ke a shirye tun watan Mayu.

Shekaru uku da suka sauya aikin

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanville zuwa Gaya. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci sun tsaya, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Ga mai neman kuɗi, wannan duka biyu ne: 'yan kasuwa da masu motocin da ke bayarwa sun shiga matsi, 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha kuma sun ƙaru cikin masu bukata. Ayyukan da aka tsara su haɗa gaɓar kogin biyu sun zama da wuyar aiwatarwa.

Sai matsalar tsaro a kewayen gandun dajin W, inda hare-haren Janairu da Afrilun 2025 suka hallaka sojojin Benin da dama. Wakilan masu ba da tallafi sun rage zuwa da kansu, suna dogara da hoto, rasit da rahoto. Bankuna da hukumar CENTIF mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi sun ƙara tambayar asalin kowace gudummawa mai kauri. Kuɗin da aka kawo a leda ba tare da sunan mai shi ba, wanda a da ake karɓa da godiya, yanzu yana iya jawo wa ƙungiya rufe asusu. A Nijar ma hukumomi sun janye izinin Acted a watan Nuwamban 2024, suka kuma nemi ƙungiyar ICRC ta fice a Fabrairun 2025.

Na uku shi ne Amurka. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙetare na kwana 90, a watan Maris aka sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, a farkon Yuli kuma hukumar ta daina aiki. Ƙananan ƙungiyoyin da ke karɓar kwangila daga hannun manya su ne suka fara jin zafin, domin su ne na ƙarshe a layi. Tun a taron Istanbul na 2016 aka yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, kuma ba a cika ba. Ƙungiyar da ke da mai ba ta tallafi guda ɗaya tak, ranar da ya janye ita ce ranar rufe ofis. Shi ya sa ma'aunin darakta a yau ba girman kuɗin da ya kawo sau ɗaya ba ne, a'a, ƙofa nawa ya buɗe.

Batun kamasho

Tambayar da ta fi yawo ita ce ko a biya shi da kaso daga abin da ya samo. A gari na kasuwa, inda dillali ke da la'adarsa, wannan ba ya zama baƙon abu. Amma ƙa'idojin ƙungiyoyin masu wannan sana'a a duniya sun hana, kuma manyan masu ba da tallafi ba sa karɓar layin kamasho a kasafi. Ƙungiyar da ta yi wa wani alkawarin kashi 10 ba ta da inda za ta ciro shi sai ta hanyar ƙara farashi a rasit, kuma mai binciken lissafi da nan yake farawa. Albashi tsayayye, ko kuɗin aiki da aka yanke tun farko ga wanda aka ɗauko ya rubuta takarda, shi ne hanyar da ba ta da tangarɗa.

Wa ke shiga aikin

Babu wata takardar shaida guda da ake bukata. Da yawa sun karanta ilimin zamantakewa, tattalin arziki, aikin gona ko tafiyar da ayyuka a jami'o'in Parakou, Abomey-Calavi ko Abdou Moumouni ta Yamai, suka fara a matsayin masu wayar da kai a ƙauyuka, suka koyi rubuta rahoto, daga nan suka kai ga rubuta neman tallafi. Malaman makaranta na yin kyau a ciki, wataƙila don sun saba rubuta manufa kafin darasi da auna sakamako bayansa.

Faransanci mai tsafta wajibi ne, Ingilishi kuma na ƙara buɗe ƙofofi. Sai dai rahoton da aka tura Kwatano ko Brussels rabin aikin ne. Sauran rabin ana yin sa ne a zaure ko a rumfar kasuwa, da Dendi, Zabarmanci, Fulatanci ko Hausa, inda za a karanta wa Alhaji da Hajiya da sarkin kasuwa nawa aka tara, buhu nawa aka saya, a hannun wa, da sunayen unguwannin da aka raba. Wasu ƙungiyoyin kan liƙa wannan lissafi a bangon ofis, wasu su karanta shi a gidan rediyon gari, wasu kuma su tura shi da murya a WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatun boko.