Gidan Mari

Gidan mari waje ne da ake killace masu taɓin hankali, 'yan ƙwaya da kangararrun yara, galibi a hannun malami, ana yi musu tofi da rubutun sha. Sunan ya samo asali ne daga mari, ƙarfen da ake ɗaure wa mutum a ƙafa. Nisan asibiti na cikin abin da ke rayar da irin waɗannan gidaje: daga Yauri, Ngaski ko Shanga zuwa babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, Jihar Sakkwato, doguwar tafiya ce. A Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa da tabon bulala. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958.