Madatsar Tiga da Kifin Kogin Haɗeja

Mu da muka yi ƙuruciya kafin 1974 muna tuna yadda kogi ke tumbatsa da damina ya malale fadamu. A wannan ruwa marar zurfi tarwaɗa da karfasa ke nasa ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙwari kafin ya janye, masunta kuwa su cika gora da kaka.

Da gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma gama ta Challawa a 1992, sai malalar ta ragu. Ba mu musun alherin da aka samu, domin da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura. Amma ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan rani da damina ya yi wa kachala daɗi, ta toshe magudanai daga Haɗeja har Nguru, kifi ya rasa mahaifa.

Maganin da hukuma ta fi sabawa da shi shi ne ƙyanƙyasar kifi, irin wadda aka kafa wa cibiya a Bagauda. Amurka ta riga mu gwadawa. Madatsar lantarki ta Grand Coulee, wadda aka gama a 1942, ta datse wa kifin salmon hanyar hawa kogin Kolombiya, aka shiga ƙyanƙyasa ana sakin miliyoyin 'ya'ya. Yau shekara fiye da 80, na asalin bai koma yawansa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna birni, in ƙungiya za ta roƙi a zuba mana 'ya'yan kifi, mu haɗa da roƙon a sako ruwan Tiga da yawa a lokacin damina, a kuma share kachalar.