Madekali da Ƙaramar Hukumar Malanbil: Tarihin Gudanar da Ayyukan Jama'a a Bakin Iyaka

Gabatarwa

Madekali gari ne da ke kusa da gaɓar kogin Kwara, a ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, daura da inda ƙasar ta haɗa iyaka da Nijar da Nijeriya. Yana ɗaya daga cikin gundumomi 5 na ƙaramar hukumar Malanbil. Sauran su ne Garu da Gene da Tumbutu da Malanbil ɗin kanta. Dandawa ne suka fi rinjaye a yankin, tare da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma Hausa na cikin harsunan ciniki a kasuwanninsa. Ƙidayar shekarar 2002 ta nuna mutum 101,628 a ƙaramar hukumar baki ɗaya, ta 2013 kuwa ta nuna 168,641. Ke nan cikin shekara 11 an samu ƙarin mutum kusan 67,000 masu bukatar rijiya da aji da ɗakin shan magani da takardar haihuwa.

Tarihin yadda ake biya wa waɗannan mutane bukatunsu yana tafe ne a kan tambaya guda: wa ke ɗauke da nauyin aikin, wa kuma ke riƙe da kuɗi da hatimi? Daga zamanin Turawa zuwa yau an sauya amsar sau da dama, amma da wuya nauyin da makullin suka taɓa haɗuwa a hannu ɗaya.

Kafin zuwan Turawa

Ƙasar Dandi ita ce kudancin daular Songai, kuma can ne zuriyar Askiya suka koma bayan da rundunar Maroko ta ci su da yaƙi a 1591. Garuruwan bakin kogi irin su Gaya da Karimama da Madekali sun rayu da noma da su da kuma fito. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja yakan ƙetare Kwara a wannan shiyya, musamman ta Illo, kafin ya ratsa ƙasar Bargu. Sarakunan gari suna karɓar kuɗin fito da gaisuwa daga madugai, su kuma su ba da masauki a zango da tsaron hanya da shari'a idan rikici ya tashi. A wancan lokaci mai karɓar kuɗin da mai yin aikin mutum ɗaya ne, kuma fatake suna da hanyar hukunta shi: idan ya tsawwala, sai ayari ya sauya mashigi.

Zamanin kumandan

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta tsaga yankin. An ajiye iyaka a kan kogi mil 10 sama da tashar jiragen ruwan Illo, don haka Illo ta faɗa hannun Ingila, Madekali kuma ta shiga Dahome ta Faransa. Mutanen da suke auratayya da cin kasuwa tare suka wayi gari ƙarƙashin tuta biyu.

Faransawa sun tafiyar da wannan yanki na arewacin Dahome ta hannun kumandan da ke zaune a Kandi, tafiyar kilomita kusan 100 daga bakin kogi. A ƙarƙashinsa akwai sarakunan kanto da masu gari, waɗanda babban aikinsu shi ne tattara haraji da tara mutane domin aikin tilas. Harajin yana hawa sama zuwa baitulmalin mulkin mallaka, abin da ke saukowa kuwa umarni ne. Sai a 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ta ba kumandan ikon hukunta talaka ba tare da shari'a ba.

A wannan zamani ne wani ƙauyen bakin ruwa mai suna Tasi, wato rairayi a harshen Dandi, ya zama Malanbil. Sunan ba shi da alaƙa da kalmar malam, kamar yadda kunnen Bahaushe zai iya zato. Daga sunan Henri Malan ne, ɗaya daga cikin gwamnonin Dahome a farkon ƙarni na 20. Abin da ya ɗaga garin shi ne hanya. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Faraku a 1936, daga nan sai motoci su ɗauki kaya zuwa bakin kogi. A shekarun 1950 aka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya, aka gina gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a 1958, sannan a 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar. Gada ta jawo kasuwa da ofisoshi zuwa Malanbil, tsofaffin garuruwa irin su Madekali suka koma bayanta.

Daga 'yancin kai zuwa juyin juya hali

Dahome ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, amma tsarin ya tsaya yadda yake. Jami'in da gwamnatin tsakiya ta naɗa ya gaji kujerar kumandan, kuma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi. Rikicin tsibirin Lete da ya ɓarke tsakanin Dahome da Nijar a ƙarshen 1963 ya nuna wa mutanen bakin kogi tun da wuri cewa shawarar da aka yanke a fadar shugaban ƙasa tana iya tsayar da kasuwarsu. Wannan taƙaddama ba ta ƙare ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9.

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba 1972, ya rungumi aƙidar gurguzu a 1974, ya kuma sauya wa ƙasar suna zuwa Benin a 1975. Gwamnatinsa ta raba ƙasa zuwa larduna da gundumomi da ƙananan yankuna, ta kafa kwamitocin juyin juya hali har cikin ƙauyuka, ta kuma ture sarakunan gargajiya ta sa wakilan da jama'a suka zaɓa. Ƙananan yankunan nan, waɗanda su ne suka zama gundumomin yau, kowanne yana da mai riƙe da sunan magajin gari, amma ba shi da kasafin kuɗin da zai gina ko da aji guda. Da tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, har albashin malamai ya gagara, sai iyayen yara da ƙungiyoyin ci gaban gari da masu ba da agaji daga waje suka riƙa cike giɓin.

Miƙa mulki ga ƙananan hukumomi

Babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 da tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 sun amince da hikimar nan ta cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka sai ranar 15 ga Janairu 1999 aka sa hannu a kan dokokin da suka fayyace tsarin. An mayar da jihohi 6 zuwa 12, aka ciro Alibori daga Bargu, aka kafa ƙananan hukumomi 77 da gundumomi 546. Zaɓen kansiloli na farko ya gudana a Disambar 2002, magadan gari suka kama aiki a 2003.

Doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyi mai yawa: tsara shirin raya gari, gina makarantun firamare da ɗakunan shan magani na gunduma tare da gyaransu, samar da ruwan sha, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, kwashe shara, gyaran hanyoyin karkara, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa. A gari kamar Madekali, shugaban gunduma, wanda ake zaɓa daga cikin kansilolin yankin, shi ne fuskar hukuma. Wajensa ake zuwa neman takarda, shi ake kai wa kukan rijiyar da ta lalace, shi kuma yake kai maganar gaban majalisa a Malanbil. Gunduma ba ta da baitulmali nata.

An raba ayyukan ta yadda kowanne yana da iyayen gida biyu. Ƙaramar hukuma ce ke gina aji, gwamnatin tsakiya ce ke turo malami ta biya shi. Haka abin yake ga ɗakin shan magani da ungozomarsa. Da Shugaba Boni Yayi ya soke kuɗin makarantar firamare a 2006, yara suka ƙaru, bukatar azuzuwa ta faɗo kan ƙananan hukumomin da ba su da abin yi. Saboda irin wannan ne aka kafa asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, FADeC, a 2008, wanda ta cikinsa gwamnati da ƙasashe masu ba da agaji ke turo kuɗin gine-gine. Shi kansa wakilin gwamnati mai duba shawarwarin majalisar Malanbil ya ci gaba da zama a Faraku, fiye da kilomita 300 daga bakin kogi, yana riƙe da Bargu da Alibori tare, har zuwa 2016 da aka tabbatar da Kandi a matsayin hedikwatar Alibori. Ƙananan hukumomin jihar 6, wato Malanbil da Karimama da Kandi da Banikwara da Gogunu da Segbana, sun kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna APIDA domin su haɗa ƙarfi a kan abin da ɗaya ba za ta iya ba.

Kasuwa da kogi da iyaka

Kuɗin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta yana fitowa ne daga harajin rumfuna da tashoshi da filaye da kuma harajin raya gari da ake karɓa a kan amfanin gona da dabbobi. Ta wannan fuska Malanbil ta fi maƙwabtanta sa'a, domin ana lissafa kasuwarta a matsayin ta biyu a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Albasa da shinkafa da masara da garin rogo da kifi suna ratsa ta zuwa Gaya da Kamba da Yamai. Madekali kuma tana kan hanyar da ke fita zuwa Lolo da Illo a jihar Kebbi.

Sai dai arzikin da ya dogara da iyaka yana hannun masu buɗe ta da rufe ta. Kuɗin kwastan na gwamnatin tsakiya ne, alhali ƙura da shara da lalacewar titi da manyan motoci ke bari a baya na gari ne. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gada, motoci suka yi jerin gwano a Malanbil kaya na ruɓewa. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a rufe, fasinja da kaya suka koma kan kwale-kwale kamar zamanin fatake. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka nemi ra'ayin majalisar gari a kai, amma ita ce ta ga raguwar haraji a rumfunan kasuwa.

Kogin ma yana da nasa hukuncin. Kwara da Sota, wadda ke zuba a cikinsa kusa da Malanbil, su ne suke shayar da gonakin shinkafa da albasa, su ne kuma suke ambaliya a ƙarshen damina, kamar yadda aka gani a 2010 lokacin da ruwa ya ci yankuna da dama na Benin. Idan ruwa ya zo, rijiyoyi suna gurɓata, hanyoyin ƙauye suna yankewa, azuzuwa su zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Magajin gari shi ne na farko da ake nema, alhali gina madatsa ya fi ƙarfin kasafinsa nesa ba kusa ba.

Gyaran 2021

Shekara 18 na wannan tsari sun fito da wasu cututtuka: ɗaukar ma'aikata ta hanyar sanayya, jinkirin kwangila, da rigimar kansiloli, wadda ta kai ga tsige magadan gari a wurare da dama a 2016 da 2017. Gwamnatin Patrice Talon ta ɗauki hanyar janye wasu ayyuka zuwa hukumomin ƙasa. Rajistar filaye ta koma ga hukumar ANDF, ruwan sha na karkara ya koma ga wata hukumar da aka kafa a 2017, takardun shaida kuma suka koma ga ANIP bayan rajistar jama'a ta 2017 zuwa 2018. A zaɓen 2020 an gindaya cewa sai jam'iyya ta samu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya kafin ta samu kujerar kansila ko da a gari guda, abin da ya bar jam'iyyu 3 kacal a majalisun.

Dokar 20 ga Disamba 2021 ta kai gyaran ƙarshensa. Ta raba siyasa da gudanarwa: magajin gari yana shugabantar majalisa yana kuma tsara alkibla, amma sakataren zartarwa shi ne shugaban ma'aikata, shi ne kuma mai sa hannu a fitar da kuɗi. Ana zaƙulo sakataren ne ta hanyar ƙuri'ar sa'a daga jerin ƙwararrun da gwamnati ta tantance, kuma an yi ta farko a 2022. Haka ake samo shugabannin sassan kuɗi da ayyukan gine-gine da tsare-tsare da filaye da kwamfuta da bayar da kwangila. Masu goyon baya suna ganin an kawo ƙwarewa, an kuma toshe kafar sanayya. Masu suka suna cewa an miƙa wa zaɓaɓɓe raƙumi an riƙe akala, domin jami'in da sa'a ta kawo yana iya zama baƙon da bai ji Dandi ko Hausa ko Fulatanci ba, kuma ba ƙuri'ar mutanen gari ce za ta cire shi ba.

Kammalawa

Cikin shekara 120 da 'yan kai, mai kula da bukatun Madekali ya tashi daga sarkin gari zuwa kumandan, daga jami'in gwamnati zuwa kwamitin juyin juya hali, daga zaɓaɓɓen magajin gari zuwa sakataren zartarwa. A kowane mataki ofis yana ƙara matsowa kusa da talaka: daga Kandi zuwa Malanbil, daga Malanbil zuwa ofishin gunduma. Kuɗi da ikon yanke shawara ne ba su biyo shi da sauri ɗaya ba. Manomin albasa a Madekali ya san wanda zai kai wa kuka idan famfo ya ƙafe ko aji ya yaye, domin maƙwabcinsa ne kuma shi ya zaɓe shi. Amma gyaran famfon yana hannun hukumar da ke Kwatano, sama da kilomita 700 daga gonarsa, kuɗin rufin ajin yana jiran sa hannun sakatare, farashin albasarsa kuma ya dogara da buɗewa ko rufewar gadar Gaya.